Gwaggon da Ta Yi wa Dam Daɓe

Ban taɓa zama a gidan makokin da dariya ta fi kuka yawa ba sai na Gwaggo, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Kowace mace za ta shigo da fuskar jimami yadda ya kamata, ta durƙusa ta ce ya haƙuri, mu ce da godiya, ta nemi gefen tabarma ta zauna shiru. Ba za a jima ba wata za ta yi ajiyar zuciya ta ce, kun tuna ranar da ta bi malamin hukuma da muciya? Shi ke nan, sai ka ga tsofaffi suna toshe baki da gefen mayafi, kafaɗu na rawa. Liman ya aiko daga zaure a ce mana mu sassauta murya, gidan rasuwa ne. Matar da ta kawo saƙon ta ce ta baro shi kansa yana share hawayen dariya, don dagaci yana ba su labarin yadda Gwaggo ta kusa sa shi aikin mata a gaban jama'arsa.

Matan Kudan a ƙafa suka zo. Ƙanwar mijin Gwaggo ta biyo motar kasuwa daga Ikara, ta sauka a Makarfi, ta ƙarasa a kan jaki, tana zuwa ta ce ita ba ta yarda ba sai ta ga ɗakin babu kowa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsohon Bafulatani da ya daɗe yana shayar da shanunsa a dam ɗinmu. Ya zauna a ƙofar gida da sandarsa, ya ƙi cin gumbar sadaka. Da zai tafi ya ce da mai gidana yau dam ya zama maraya, ya juya ya kama hanya. Maganarsa ce ta sa ni kukan da na yini ina dannewa.

Ni da na ɗan taɓa karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, Gwaggo ta sha yi mini tsiya cewa ba ta ga abin da bokon nawa ya tsinana ba, ban da tonon takarda kamar kaza a juji. To, yau zai yi mata aiki guda, zan rubuta labarinta, ko ta so ko ta ƙi.

Yayar babana ce. Aure ne ya kawo ta wannan ƙauyen namu da ke gefen Makarfi. Ta haihu, amma 'ya'yan ba su zauna ba, mijinta kuma ya rasu tun ina ƙarama. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar innata, ita ta aurar da ni a nan cikin gari, a unguwar gangare, wadda ke kwance daidai ƙarƙashin dam.

Shi dam ɗin tun zamanin Turawa aka yi shi, don shanu su sami abin sha da rani. Rafi ne aka tare da wani dogon tudun ƙasa, wanda mu muke ce wa ganuwa. Gwaggo tana amarya aka yi aikin. Abinci take kai wa mijinta, amma ita ba ta iya ganin aiki ta naɗe hannu, sai ta ajiye akushi ta ɗauki kwando ta shiga sahun masu jidar ƙasa daga wani ramin jan ƙasa da ke kan hanyar Furana. Har ta mutu ba ta taɓa cewa dam ɗin gari ba, dam ɗina take cewa, kuma ba wanda ya taɓa ja da ita. Da aka gama aikin, mijinta ya dasa mangwaro a tsakiyar ganuwar, a can saman. Wasu suka gani suka kwaikwaya, wannan ya dasa darbejiya, wancan ya dasa gwaiba, har ganuwar ta koma kamar lambu. Amma mangwaron Gwaggo shi ne babba, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mata na mijinta wanda take iya taɓawa da hannu.

Kafin mu girma, dam ya tashi daga mashayar shanu ya zama wurin shaƙatawar duk yankin. A waɗancan shekarun ƙaramar Sallah a cikin zafi take faɗowa, to da an sauko daga idi an ci tuwo, sai gari ya watse zuwa bakin ruwa. Samari suna tsere a kan manyan goruna irin na masunta, 'yan mata suna gaɗa a kan yashi, masu rake da mazarƙwaila sun baje kaya, makaɗa daga Kudan suna cashewa. Gwaggo tana can saman ganuwa a gindin mangwaronta, ta miƙe ƙafa, goro a kumatu, doguwar sanda a gefe, tana mulki.

Abin dariyar shi ne, matar nan ba ta iya iyo ba. Ruwa bai taɓa wuce idon sawunta ba. Amma ita ce dokar wurin. Ta hana kowa wanka a kusa da ganuwa inda ruwa ya fi zurfi, kuma in ta hango wani ƙato ya nufi wajen, sai ta miƙe ta kira shi da sunan uwarsa, ta ce, "Ni dai ban iya iyo ba, saboda haka kada wanda ya kuskura ya nitse a gabana." Sai ka ga gardi da gemunsa ya juyo sum-sum, 'yan mata na yi masa shewa.

Faɗanta a fili yake, alherinta kuwa sai an bincika. Wata shekara masu rake suka tare hanyar shanu da ƙaya, ta je da kanta ta janye ƙayar, ta ce don shanu aka gina wurin tun kafin a san za a haifi rakensu. Tsohon Bafulatanin nan tun daga lokacin yake aiko mata da nono, ita kuma tana rabar wa masu jego. In ta ga yarinya ta rakuɓe a gefe ranar Sallah don ba a yi mata sabon zane ba, sai ta kira ta da tsawa kamar ta yi laifi, ta ɗora ta a kan tabarmarta, ta naɗa ta mai rabon mangwaro. Kafin la'asar duk 'yan matan gari suna bin yarinyar nan da roƙo.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba wani abin mamaki ya faru. Ruwa ya ɓullo a gindin ganuwa ta ɓangarenmu, garau, mai sanyi, yana gangarowa ta bayan gidanmu. Murna wajen mutanen unguwar gangare ba a magana. Wasu suka ce albarkar 'yanci ce. Mata suka huta da zuwa rijiya, mai gidana ya dasa rake a gefen ruwan, rake ya yi kauri kamar damtse. Gwaggo ta fi kowa ɗagawa, don idon ruwan daidai saitin mangwaronta ya fito. Ta bi gari tana cewa ladan mijinta ne Allah Ya nuna tun a duniya. Ni kaina da shi nake yi wa jaririna wanka, ina jin daɗi wai da ruwan albarka nake renonsa.

Ana haka, bayan wata ƙaramar Sallah, hukuma ta turo wani malami daga Zariya mai duba madatsun ruwa. Saurayi ne siriri, da gajeren wando da keke. Ya zagaya ganuwa, ya tsuguna a bakin idon ruwanmu ya daɗe, sannan ya tara dattawa a gindin mangwaro ya gaya musu abin da ba wanda yake son ji. Ya ce ba idon ruwa ba ne, dam ne yake yoyo. Ganuwar ta tsufa, gara ta ci cikinta, gafiyoyi sun yi ramuka, saiwoyin itatuwan da muka dasa don inuwa kuma sun huda ta daga wannan gefe zuwa wancan, ruwa yana bin su. Ya ce muddin ruwan garau yake fita akwai sauran lokaci, amma ranar da ya fara fita da ƙasa, to ganuwar ce take narkewa daga ciki, kuma babban ruwan damina zai iya kwashe ta har da unguwar gangare. Magani biyu ne. Ko a sare itatuwan a tono saiwoyinsu a cike da sabuwar ƙasa a danne, ko hukuma ta fasa gefe guda ruwan ya tsiyaye, a manta da dam.

Gwaggo tana gefe tana tuƙa wa makaɗan da suka yi saura tuwo. Da ta ji an ambaci sare mangwaro, ta miƙe da muciyar a hannu, tuwo na ɗiga. Ta tambaye shi ina yake lokacin da ake jidar ƙasar nan. Ya ce ba a haife shi ba, Iya. Ta ce to wanda ba a haifa ba shi zai zo da gwiwoyi a waje ya koya mata halin dam ɗinta? Bawan Allah ya hau kekensa da baya-baya yana ba ta haƙuri, ita kuma ta raka shi har bakin hanya. Gari ya yi mako yana dariya, mu 'yan gangare ma har da mu, don ba wanda yake so a ce ruwan albarkarsa yoyo ne.

Ba a yi nisa ba, wata safiya Gwaggo ta zo gidana yi wa yarona wanka kamar yadda ta saba. Na ɗebo ruwa daga bayan gida na zuba a ƙwarya, ta ce in bar shi ya kwanta tukuna, ya ɗan yi duhu. Da ta tsiyaye shi, sai ga laka ta kwanta a gindin ƙwaryar. Ta dangwala da yatsa, ta murza, ta kai kusa da ido. Ja ce wur. Ƙasar unguwarmu kuwa baƙa ce, ta fadama, ko ka tona rami tsawon mutum ba za ka ga ja ba. Wuri ɗaya ne a duk garin ake da irin wannan ƙasa, kuma Gwaggo ta san wurin, don a kanta ta ɗauko ta.

Ta daɗe tana kallon yatsanta, yaron yana wasa da ƙafa a cinyarta, har tsoro ya kama ni.

"Gwaggo, lafiya?"

"'Yar nan, yaron nan mai guntun wando gaskiya ya faɗa. Cikin ganuwar ne yake fitowa."

Ta ƙarasa wankan da ruwan randa, ta shafe shi da man kaɗe, ta goya shi da kanta, ta nufi gidan dagaci. A ranar aka tashi mutum zuwa Makarfi a aika wa malamin ya dawo. Da ya iso ya tsaya nesa-nesa yana leƙen hannunta. Ta yanka masa kaza, ta zauna ta tsare shi sai da ya cinye, ta ce wannan ita ce ban-haƙurinta, kada ya sa ran jin wata da baki.

Matsalar ita ce lokaci. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, motar danne ƙasa ta hukuma kuma tana can wajen aikin hanya, ba za ta samu ba sai bayan damina. Malamin ya ce tono da cikewa maza za su iya, amma in ba a danne ƙasar ta yi tauri ba aikin banza ne, gara a fasa dam ɗin kowa ya huta. Gwaggo ta tambaye shi wane irin tauri yake nufi. Ya buga ƙafa a tsakar zauren dagaci ya ce kamar wannan. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Ta ce ai wannan daɓe ne, kuma ita ta jagoranci matan da suka yi shi.

Wanda bai san daɓe ba, aikin mata ne. In an gina sabon ɗaki, mata sukan taru su baza tsakuwa da ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su jeru a durƙushe da madaɓai na itace suna dukan ƙasa tare, suna waƙa, har ta yi santsi ta yi ƙarfi. A cikin gida ake yi, ba a taɓa jin an yi shi a fili ba, balle a kan dam. Da Gwaggo ta ce tana son matan gari duka, maza suka yi tsalle suka dire, suka ce matan aure ba za su fita su durƙusa a bainar jama'a ba. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗauki madaɓinta ta shiga fadar dagaci ana tsakiyar zama, ta ajiye masa a gabansa, ta ce ta yarda, mata su zauna a gida. Shi ya fara, ita za ta ba da waƙa, sauran maza su amsa. Dagaci ya kalli madaɓi, ya kalli liman. Liman ya sunkuyar da kai ya ce ai ceton rai ya halatta abubuwa da yawa. Kafin azahar an yi shela, da sharaɗin maza su yi nasu aikin da safe su bar wurin, mata su karɓa da yamma.

Saura itatuwa. An sare darbejiya, an sare gwaiba, aka zo kan mangwaro sai kowa ya tsaya. Ya yi 'ya'ya a shekarar kamar ya san abin da ake shirya masa, rassa har suna taɓa ƙasa. Mai gidana da ke riƙe da gatari ya ce shi hannunsa ba zai iya ba. Malamin ma ya fara cewa ko a bar wannan ɗin zuwa baɗi a gani. Gwaggo ta ce masa kada ya lalace a kan tsohuwa, ya tsaya a kan gaskiyarsa. Ta sa aka kira yaran gari suka kaɗe 'ya'yan tas, nunannu da ɗanyu, ta raba gida-gida. Sannan ta karɓi gatarin daga hannun surukinta, ta yi bisimilla, ta kai sara. Ɓawon kawai ta ɗan kankare, don ƙarfinta ya tafi, amma daga nan sai hannun maza ya saku. Ba ta tsaya ganin faɗuwarsa ba. Ta gangaro gidana ta zauna a bayan ɗaki tana tsince wake, da aka ji ƙararsa a ƙasa hannunta ya tsaya, sannan ta ci gaba.

Washegari ta kira masassaƙi ta ce ya fitar mata da madaɓai daga rassan, don waɗanda ke gari ba za su isa ba. Ta ce itacen ya sha ruwan dam shekara da shekaru, to ya zo ya yi aikinsa shi ma.

Ni dai ban taɓa jin daɗin wahala kamar ta waɗannan kwanakin ba. Da safe maza su tono saiwoyi, su farfasa gidajen gara, su jido jan ƙasa a kan jakuna su baza. Bafulatanin nan ya koro shanunsa su bi ta kai su tattake. Da yamma mu fito, amare da uwayen gida da tsofaffi, har da matan Kudan da suka ji labari suka ce ba za a yi wannan ba su. Mu jeru daga wannan ƙarshen ganuwa zuwa wancan. Gwaggo tana gaba da ƙwaryar makuba tana yayyafawa. Malamin ya gaya mata cikin ladabi cewa makuba ba za ta ƙara wa dam komai ba, ta ce shi ya kula da ƙasarsa, ita ta kula da makubarta. Waƙoƙin kuwa a nan take ƙirƙirarsu, ba wanda ta ƙyale. Ta yi wa dagaci, ta yi wa gwiwoyin malamin, ta yi wa raken mai gidana da ya yi ƙiba da ruwan sata. Muna dariya muna duka, ƙasa na amsawa a ƙirjinmu. Hannuwanmu suka yi kanta, bayanmu ya ƙage, amma da aka ce an gama, wallahi akwai matan da suka yi kuka don ba su so a koma gida.

Idon ruwan albarka ya ragu, ya koma ɗigo, ya ƙafe. Raken mai gidana ya bushe a tsaye, muka koma rijiya muna gunaguni. Amma ba wanda ya san ko aikin ya yi sai babban ruwa ya sauka, malamin ma ya ce shi ba zai rantse ba. Wasu maƙwabtanmu suka kwashe yaransu suka kai gidajen da ke kan tudu. Ana cikin haka sai ga Gwaggo da tabarmarta da ƙullin kayanta a ka, ta baro ɗakinta da ke kan tudu inda ruwa ba zai taɓa kaiwa ba, ta sauke a ɗakina. Mai gidana ya durƙusa ya ce, Gwaggo, ai kamata ya yi mu mu hau wurinki. Ta ce ita ta ce wa mutane daɓe zai riƙe, to in ƙarya ta yi, ruwan ya fara da ita.

Damina guda ta yi a wurinmu, tana cinye mana goro tana gyara mini miya. Ranar da aka yi ruwan da ya cika dam har ya tumbatsa ta mafitarsa ta gefe, da la'asar ne, muna zaune a ƙofar ɗaki muna jin rurinsa. Da aka ɗauke ta ce in ɗebo mata ruwan da ke gudu a bayan gida. Ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye, ta murza lakar a yatsa, ta nuna mini. Baƙa ce. Sai ta rangaɗa guɗa, tsohuwa da ita, har maƙwabta suka fito da gudu suna zaton haihuwa aka yi.

Da ƙaramar Sallah ta zagayo, gari ya sake watsewa zuwa bakin ruwa, har an fi kullum cika, don mutane sun zo ganin dam ɗin da mata suka daɓe. Na hau ganuwa na same ta a daidai wurin da ta saba zama. Babu ko ganye ɗaya a kanta, rana tana dukanta, gumi na bin wuyanta, ta miƙe ƙafa tana yi wa samari tsawa. Tausayinta ya kama ni. Na ce ta koma ƙasa wajen rumfar masu rake, ta ce daga can ba ta ganin masu nufar zurfi. Na zauna kusa da ita, na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya, ko tana kewar itacen.

"Kullum," in ji ta. "In na zo nan har yanzu sai na kai hannu baya zan jingina."

Ta kalli rufin gidajenmu a can ƙasa, hayaƙin girkin Sallah na tashi daga kowane gida.

"Amma shi mai itacen, ai ƙasar ya fara ɗauka kafin ya yi dashe. Da yana nan da ya riga ni kai sara."

Haka ta ci gaba da zama a ranar nan kowace Sallah, har wadda ta wuce, ba ta yarda an kafa mata ko rumfar kara a kan ganuwar ba, wai kada gara ta samu hanya. Mu da muke kwana muna tashi a ƙarƙashin ruwan nan da 'ya'yanmu, ba mu da abin da za mu saka mata da shi sai roƙo. Ya Allah, baiwarKa ta ba da inuwarta saboda mu. Ka yafe mata faɗanta, Ka haɗa ta da mijinta da 'ya'yan da ba su zauna ba, Ka ba ta inuwar da ba mai sare ta. Amin.